Rubutun Burushi a Ƙasar Japan

Japan ƙasa ce ta tsibirai, can gabas da ƙasar Sin. Daga wurin mutanen Sin suka koyi rubutu da burushi, suna kiransa shodo.

Burushin na gashin dabba ne, da mariƙin gora. Tawadarsu kuwa sandararriya ce, ta kunkunniya da danƙo. Akan ɗiga ruwa bisa wani ɗan dutse, a yi ta goga ta har ruwan ya yi baƙi ƙirin.

Irin rubutu uku suka fi koyo. Na fari kaisho, kowane zane a rarrabe, kamar mutum a tsaye. Na biyu gyosho, zane na jan zane, kamar mai tafiya. Na uku sosho, kamar mai gudu, ba kowa ke iya karanta shi ba.

Yaransu kan fara riƙe burushi a aji uku, da kaisho. Takarda ba allo ba ce, balle a wanke. In zane ya karkace, sai a ɗauki sabuwa. Wanda ya yi gaggawar sosho tun bai ƙware a kaisho ba, jagwalgwalo zai yi. Da rarrafe yaro kan tashi.

Tambayoyi
1. Da me ake yin tawadar Japan?
2. Don me ake farawa da kaisho?