Abin da Na Gani da Wanda Ban Gani Ba a Dam ɗin Gusau

A littafinmu na labarin ƙasa akwai hoton waɗansu mutane cikin jirgin ruwa, sun biya kuɗi don kawai su kalli tsuntsaye da manyan dabbobin teku. Da fari dariya abin ya ba mu. Mu mutanen Kekun Waje ina mu ina teku? Amma a hutun Disamba na 2024 na sauka Gusau wurin kawuna, wanda sana'arsa su ce, na roƙe shi ya tafi da ni cikin kwalekwale.

Dam ɗin yana kan Gulbin Sakkwato, watau gulbin nan da ya biyo ta Bunguɗu. Shi ne ya ɓalle a 2006 ya yi ɓarna mai yawa, saboda haka da na shiga jirgi gabana yana ta faɗuwa. Kawu ya ce, "Zamna da kyau, yaro, ka kama bakinka. Tsuntsu ba ya son surutu."

Muka tashi da asuba, hazo ya rufe ruwa. Farkon wanda muka tarar zalɓe ne, yana tsaye cikin ruwa kamar an kafa sanda. Na ƙirga har ɗari bai motsa ba, sa'an nan farat ɗaya ya kai sara, sai ga kifi a bakinsa. Can gaba garken kirinjijiya ya tashi yana fito. Balbela kuwa ba ta ƙirguwa.

To, tsuntsaye biyu na nema ban gani ba, su ne dalilin wannan rubutu.

Ta ɗaya shamuwa. Wannan ba abin damuwa ba ne. Da kaka ta yi takan bar mu ta yi kudu, ta ƙetare tsakiyar Afirka har ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe, domin lokacin da muke fama da hunturu su damina suke yi. Ruwa take bi, don inda ruwa ya sauka nan fara da tsutsa suke. Wajen Afrilu ko Mayu sai ta komo ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari. Ba mai jifarta, ko yaro mai ƙiriniya, gama kowa ya san ita ce mai albishirin damina.

Na biyu gauraka. Na tambayi kawu ina zan gan shi, ya yi shiru, kana ya ce rabonsa da jin kukansa a fadama tun yana saurayi. Abin kunya, ni ɗan shekara goma sha shida, a hoto kaɗai na san tsuntsun da ake kira tsuntsun ƙasar Nijeriya! Malaminmu na kimiyya ya bayyana mini dalili. Gauraka a ƙasa yake sheƙa, cikin ciyawar fadama mai ruwa, ƙwansa kuma kaɗan ne, galibi biyu ko uku. In aka nome fadamar ƙaf, ko shanu suka tattake ta, ya rasa wurin haihuwa. Ga kuma masu kama shi su sayar wa masu hali, a ajiye shi tsakar gida don ado. Tukkun nan nasa mai kama da zinariya shi ya jawo masa. A ganina wannan ya fi noman laifi, don manomi abinci yake nema, mai ajiye gauraka kuwa alfahari ne kawai.

Ya ku iyayenmu, da yawanku kun ga gauraka da idonku. Ku gaya mana fadamun da yake sauka a da, ko a Tsafe ne ko a Bunguɗu, da shekarar da kuka daina ganinsa. Mu 'yan aji huɗu mun sayi littafi muna rubutawa. Ya zuwa yanzu fadama biyu muka samu, duka daga bakin kawu.