Tambaya da Amsa: Mijina ba shi da kabari, ta ina zai tashi?

TAMBAYA

 Ni Kirista ce, ina zaune a unguwar Yelwa a Garwa da 'ya'yana uku. Maigidana masunci ne a tafkin Lagdo. A watan Agusta na 2023 iska ta kife musu kwalekwale da dare. An tsamo abokin aikinsa da rai, shi kuwa har yau ko rigarsa ba a gani ba. Ba gawa, ba kabari. Wata dattijuwa a majami'armu ta ce mini mutuwar ruwa ba ta banza ba ce, in je in binciki gidanmu. Ranar Ista da ta biyo baya na je sujada, kowa na waƙa yana tafi, ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa, na fito tun ba a tashi ba. Da na iso gida na tarar maƙwabciyata Hajiya, Musulma ce, ga azumi a bakinta, ta dafa wa yarana abinci. Ta zauna da ni har la'asar, ba abin da take cewa sai sannu. A nan na yi kukan da na kasa yi wata bakwai, a nan kuma na ji Allah bai manta da ni ba. Tambayata biyu ce. Wanda ruwa ya ci, kifaye suka cinye, ta ina zai tashi ranar ƙarshe? Kuma zunubi ne in ce na ga hannun Ubangiji a wurin Hajiya, ban gan shi a majami'a ba? Don Allah a sakaya sunana.

AMSA

'Yata, sannu da rashi. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Bari mu sallami maganar dattijuwar tukuna, don ba ta cancanci dogon zance ba. A Bisharar Luka sura 13, Yesu da kansa ya ɗauko labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu, ya kuma ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Lagdo babban ruwa ne. Tun da aka gama madatsar a 1982 masunta ke tururuwa can daga Arewa Mai Nisa, daga Nijeriya, har daga Mali, kuma duk wanda ya san hadarin Agusta ya san yadda yake faɗo wa ƙaramin jirgi ba sallama. Iska ce ta kife su. Babu abin da za ki bincika a gidanku. Ki gaishe ta da ladabi in kun haɗu, amma kada ki kai maganarta ɗaki.

Tambayarki ta farko tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba masu shakka kaɗai suka yi ta ba, har da masu mugunta. A shekara ta 177, a birnin Liyon da ke Faransa ta yau, hukumar Rum ta karkashe Kiristoci, cikinsu har da wata baiwa mai suna Blandina da tsohon bishop ɗinsu Potinus, wanda ya kai shekara 90. Kisan bai ishe su ba. Suka bar gawawwakin a fili kwana shida, aka sa masu gadi don kada a binne, sannan suka ƙone su suka share tokar cikin kogin Ron. Manufarsu a fili take: tunda waɗannan mutane sun dogara ga tashin matattu, to, a hana su jikin da zai tashi. Waɗanda suka tsira sun rubuta wa 'yan'uwansu na Asiya labarin, masanin tarihi Yusibiyus ya adana wasiƙar. Sun yi baƙin cikin rashin binne nasu, kamar yadda kike yi. Amma bai taɓa shiga ransu cewa kogi ya fi ƙarfin Allah ba.

Bayan shekara fiye da 200, wani ɗan Afirka, Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya zauna ya amsa masu yi wa wannan koyarwa ba'a, masu kawo misalin wanda namun daji suka cinye, da wanda wuta ta ci, da wanda ya nutse. Amsarsa ita ce babu wani lungu na halitta da ya ɓoyu ga Mahalicci har abin da ya shiga can ya gagare shi. Ya ƙara da wata magana da nake so ki riƙe: jana'iza da kabari abu ne mai kyau, ya kamata a yi, amma sun fi zama ta'aziyya ga masu rai fiye da taimako ga mamaci. Ke aka hana kabarin, 'yata, ba shi ba. Ke ce ba ki da inda za ki tsaya ki nuna wa yara. Wannan rashi ne na gaske, ba na raina shi. Amma shi bai rasa komai a gaban Allah ba.

Manzo Bulus, a Korantiyawa ta Fari sura 15, ya yi misali da iri, misalin da kowane manomi daga Ngong zuwa Pitoa zai gane. Ƙwayar dawar da ka binne ba ita kake zuwa tonowa da kaka ba. Ta ruɓe, ta tafi. Abin da ya fito nata ne, ba na wata ba, amma ya fi ta nesa. Tashin matattu ba tattara tsoffin ƙasusuwa ba ne da za a ce in wani ya ɓace aiki ya tsaya. In da haka ne, wanda aka binne a Garwa shekara 100 da suka wuce ma ya shiga uku, don gara ba ta bar masa komai ba. Ru'ya ta Yohanna sura 20 kuwa ta ambaci teku da sunanta cikin masu mayar da matattun da ke hannunsu. Wanda ya rubuta littafin a tsibirin Batmos yake, ruwa ya kewaye shi, ya san akwai matan masunta.

Yanzu ga ta biyun, wadda na ga ta fi ci miki rai.

Ki ɗauki Littafi Mai Tsarki ki karanta surorin ƙarshe na Bishara huɗu, ki lura da abu ɗaya. Babu inda aka ce Almasihu, bayan tashinsa, ya bayyana a Haikali, ko a gaban babban firist, ko cikin taron masu waƙa. Kuma a labari bayan labari, waɗanda suka fi kusa da shi ba su gane shi da farko ba. Maryamu Magadaliya na kuka a bakin kabari don an hana ta gawa, irin kukanki ke nan, ta juya ta gan shi ta ɗauka mai lambu ne. Kiliyobas da abokin tafiyarsa sun bar Urushalima gwiwa a sanyaye, suna hanyar Imuwasu, tafiyar kusan kilomita 11. Baƙo ya bi su, suka yi ta hira da shi, ba su farga ba sai da aka zauna cin abinci. Su ma, in kin duba, sun bar taron 'yan'uwa ne a ranar Ista ta farko, kamar yadda kika bar majami'a. Bai tsaya a can yana jiran su dawo su ba da haƙuri ba. Hanya ya bi su.

Na ukun ya fi kusa da gidanki. Almajirai bakwai sun kwana suna su a tafkin Tibariya ba su kama ko ɗaya ba. Da asuba wani mutum ya kira su daga gaɓa, ba su gane shi ba. Da suka fito, ga garwashi, ga kifi a kai, ga gurasa. Wanda ya ci nasara a kan mutuwa, aikin da ya fara yi wa masunta masu gajiya shi ne ya dafa musu karin kumallo. Wa'azin ya biyo baya. To, in matar masunci ta dawo gida ranar Ista ta tarar an ciyar da 'ya'yanta, ta ce ta ga hannun Ubangiji, ni ban ga inda ta kauce wa Bishara ba. Da malamin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabci, mutumin da ya ba shi misali da shi Basamariye ne, wanda addininsa da na mai tambayar ba sa ga maciji.

A ƙasar nan ma an yi mutumin da wannan darasi ya sauya masa rayuwa. Simon Mpeke, wanda Arewa ta sani da Baba Simon, an haife shi a 1906 kusa da Edea, yana cikin 'yan Kamaru takwas na farko da aka naɗa fada a 1935. Yana da babbar majami'a a New-Bell cikin Duwala, ana girmama shi. A 1959, ya haura shekara 50, ya bar duk wannan ya taho Arewa, lokacin Bishop Yves Plumey na Garwa, ya ƙare a Tokombere, gindin duwatsun Mandara, cikin Mada da Zulgo da Muyang. Mutanen da kowa ya raina ne, Bature ya raina, sarakunan kwari sun raina. Ya hau duwatsun ba takalmi. Ya zo da niyyar kai musu Allah, sai ya tarar suna kiran Allah ɗaya Maɗaukaki tun kakanni, suna da dattawa masu yi musu addu'a. Da wani ne, da ya rushe wuraren ibadarsu. Shi ya zauna ya saurara, ya yi abota da waɗannan dattawa, ya kuma ci gaba da shelar Almasihu, ya buɗe makaranta. Bai bar bangaskiyarsa ba, ita ce ma ta buɗe masa ido. Ya rasu ranar 13 ga Agusta 1975, a Mayun 2023 kuma Paparoma Faransis ya amince da nagartar rayuwarsa, mataki a kan hanyar shigar da shi cikin tsarkaka. Ko ke ba 'yar Katolika ba ce, ya cancanci yaranki su san sunansa.

Sai dai ina da gargaɗi, kuma da gaske nake. Kada ki mayar da Hajiya Kirista a ɓoye cikin zuciyarki. Wasunmu suna da wannan hali: in Musulmi ya yi alheri sai a ce ai kusa yake da tuba. Rashin adalci ne. Ta yi abin da ta yi ne a matsayinta na Musulma. A addininta haƙƙin maƙwabci babba ne, kai abinci gidan da aka yi rashi kuma sunna ce. Istar 2024 ta faɗo ranar 31 ga Maris, cikin Ramadan, a tsakiyar zafin Garwa da ya kan haura digiri 40. Mace ta tsaya gaban murhu a wannan rana ba ta sha ruwa ba, don yaran wata. Ki bar mata ladanta a inda ta nufe shi. Tsakaninku akwai bambanci na gaske: ke kin gaskata an gicciye Yesu ya mutu ya tashi a rana ta uku, ita kuwa Suratun Nisa'i ta koya mata ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. Wannan ba ƙaramin saɓani ba ne, kuma ladabi bai ce a yi kamar babu shi ba. Amma da kin yi mata tambayarki ta farko, ina kyautata zaton za ta ce miki wanda ya halicce shi da farko ba zai gaza mayar da shi ba. A wannan gaɓa kun haɗu.

Kada kuma ki yanke wa majami'a hukunci da abin da ya faru rana ɗaya. Bakinki ya ƙi buɗuwa don makoki bai ƙare ba, ba don bangaskiya ta mutu ba. Mu Kiristocin Arewa muna gaggawar tsallakewa daga Jumma'ar gicciye zuwa Lahadin murna, mu manta akwai Asabar a tsakani, ranar da almajirai suka wuni a kulle ba su san inda za su sa kansu ba. Wasu Asabar ɗinsu ta kan kai shekara. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Kuma da ya tashi, da tabon ƙusoshi ya tashi, su ya nuna wa Toma. Addinin da Ubangijinsa bai ɓoye tabonsa ba, ba shi da hujjar tilasta wa gwauruwa tafi. In kin koma, ki zauna a baya, ki yi shiru, wasu su yi waƙar a madadinki. Akwai ranar da ke za ki yi wa wata.

Ga abin da nake so ki yi cikin watan nan. Ki je wurin fastonku, ki ɗauki ɗaya daga shugabannin zumuntar mata ta raka ki, ki roƙi a yi wa maigidanki sujadar tunawa. Ba sai da gawa ake yin ta ba. In zai yiwu a yi a bakin ruwan Lagdo, abokan sunsa su zo, yara su ji an kira sunan ubansu a gaban jama'a an miƙa shi ga Allah. Ki sanar da Hajiya ranar. Zuwa ko rashin zuwa nata ne, kada ki matsa mata.

Sai maganar takarda, wadda masu makoki kan manta har ta zama matsala. Tunda ba a ga gawa ba, ofishin magajin gari ba zai rubuta miki takardar mutuwa kai tsaye ba, sai an bi ta kotu ta yanke hukuncin tabbatar da rasuwar. Abokin aikinsa da ya tsira shi ne babban shaidarki, kuma masuntan Lagdo ba sa daɗewa wuri ɗaya, suna bin kifi. Ki neme shi tun yana kusa. Gadon yaran, da duk wani abu da ke da sunan ubansu a kai, zai buƙaci wannan takarda.