Shawara ga Masu Son Zurfafa Ilimin Ƙwayoyin Halitta

Idan kun gama digirin farko kuna neman na biyu a wannan fanni, kada ku tsaya ga bayoloji kaɗai. Ku haɗa da kemistiri, lissafi da sarrafa bayanai a kwamfuta, musamman Python ko R. Francis Crick, wanda shi da James Watson suka bayyana siffar DNA a 1953, fiziks ya fara karantawa.

Kafin ku zaɓi malamin da zai jagoranci bincikenku, ku tambayi ɗalibansa yadda yake tafiyar da su. Ku nemi gurbi a cibiyoyin bincike kamar WACCBIP ta Jami'ar Ghana ko ACEGID da ke Ede. Sannan ku ɗauki matsalar gida, kamar sikila ko zazzaɓin cizon sauro, domin jama'armu na buƙatarku.