Amsoshin Tambayoyinku: Mene Ne ERP?

Tambayar yau ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, Kano. Yana cewa: "Don Allah mene ne ERP, kuma me zai amfana wa ɗan kasuwa?"

To Alhaji, mun gode. ERP manhajar kwamfuta ce, manhaja guda da ke haɗa ciniki, kayan sito, lissafin kuɗi da albashin ma'aikata wuri ɗaya. Da zarar yaron shago ya sayar da turmi goma, nan take manhajar za ta rage su daga sito, ta shigar da kuɗin, ta rubuta wanda ya karɓi bashi. In kaya sun kusa ƙarewa, ta tuna maka lokacin sari ya yi.

Kamfanin SAP na Jamus, wanda aka kafa a 1972, ya yi fice a wannan fanni. Akwai kuma Oracle na Amurka, da Odoo na Beljiyam wanda ƙananan 'yan kasuwa ke amfani da shi.

Sai dai Alhaji, abin da aka ba manhaja shi take mayarwa. A koya wa yaran shago aiki da ita, a riƙa shigar da gaskiya kullum. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.