Ƙaramin Inji Mai Tobo: Amsar da Na Ba Kawuna a Rawayya

A hutun da ya wuce na je gida Rawayya, na tarar gardama ta kaure a majalisar ƙofar gidanmu bayan la'asar. Kawuna ya daɗe yana tuƙa Toyota Camry ɗin nan da ake ce wa Masul, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 yake kukan kuɗin mai. Wani dillali ya nuna masa hoton Honda Accord ƙirar 2018, ya ce ta fi tasa ƙarfi, ta kuma fi ta tattalin mai. Da Kawu ya ji injin lita 1.5 ne, sai ya kwashe da dariya.

"Wanga ai injin Keke ne aka ɗora ma babbar mota. Tawa 2.4 ce fa. Kai da kake karatun inji, hwaɗa mani gaskiya, kar in saida shanu in sawo wahala."

Na ce, "Kawu, a ba ni zuwa gobe." Daren nan na buɗe littafin da na rubuta darasi a aji, na haɗa da abin da na gani a garejin da na yi SIWES a Gusau. Ga abin da na fitar, ko zai amfani wanda za a yi wa irin wannan tambaya a gida.

Ƙarfi daga iska yake fitowa

Yawancinmu mun taso da tunanin cewa girman inji shi ne ƙarfinsa. A da hakan yana kusa da gaskiya. Amma abin da ke tura fistin shi ne fetur ɗin da ya ƙone, fetur kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. Giram 1 na fetur yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Ko ka tuttula mai a silinda, in iska ba ta kai ba, baƙin hayaƙi kawai za ka samu.

Lita ɗaya ta iska tana da nauyin kusan giram 1.2. Injin lita 2.4, in ya cika cikinsa, ya shaƙi kusan giram 2.9, injin lita 1.5 kuwa giram 1.8. To a nan turbo ke shigowa, wanda a gareji muke kira tobo. Ku tuna zugazugin maƙeri: gawayin bai ƙaru ba, murhun bai ƙaru ba, amma da an zuga iska sai wuta ta yi ja har ta narka ƙarfe. Tobo fanka biyu ce a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke danna iska cikin inji da ƙarfi. Sandar tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti guda.

Matsin iskar da muke shaƙa kusan ba 1 ne. In tobo ya ƙara ba 0.6, a lissafin takarda injin ya shaƙi ninki 1.6 na abin da ya saba. Ku buga: 1.5 sau 1.6 ya ba da 2.4. Ga amsar Kawu nan. Ƙaramin injin yana numfashi kamar nasa, a lokacin da aka taka shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar ta tun 1905, kuma ta fara shiga ƙananan motocin kasuwa a Amurka a 1962. Manyan motocin dizal da ke wucewa ta Gusau ɗauke da kaya sun daɗe da ita, shi ya sa makanikan manyan motoci suka fi na ƙanana sanin ta. Abin da ya canza shi ne dokokin rage hayaƙi da shan mai a Turai da Amurka sun sa kamfanoni rage girman inji. A 2012 Ford ya fito da injin EcoBoost mai lita 1.0 da silinda uku kacal, yana ba da ƙarfin doki kusan 123. Ku kwatanta da Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna: lita 2.0, amma bai kai doki 100 ba.

Ƙarfin doki da ƙarfin murɗa

Abu biyu ake rubutawa a takardar mota. Na farko ƙarfin murɗa, wato yadda inji ke murɗa sandarsa, ana auna shi da Nm. Na biyu ƙarfin doki, wato yawan aikin da yake yi a cikin lokaci. Doki 1 kusan wat 746 ne. Dangantakarsu kuwa: ka ninka Nm da yawan juyin inji a minti, ka raba da 9549, sai ka samu kilowat.

Camry ɗin Kawu tana ba da doki 158, da ƙarfin murɗa kusan Nm 218, amma sai injin ya kai juyi 4,000 kafin ka samu wannan murɗar cikakkiya. Accord mai 1.5 tana ba da doki 192 da Nm 260, kuma murɗar tana nan tun daga juyi 1,600 har 5,000. Wannan shi ne abin da direba ke ji a jikinsa. In za ka wuce tirela a hanyar Bungudu, ba sai injin ya yi kururuwa ba kafin motar ta zabura. Sai dai akwai ɗan jinkiri tsakanin taka totur da tasowar ƙarfin, domin sai hayaƙi ya ƙaru kafin fankar ta ɗauki gudu. Mai wuce mota a hanya mai hannu ɗaya ya san da wannan.

Inda dillali bai faɗi gaskiya duka ba

Ƙarfin babban inji da tattalin ƙarami duk suna nan, amma ba a samun su lokaci guda. In kana tafiya a hankali, tobo yana hutawa, motar tana shan mai kamar ƙaramin inji. Da ka loda mutum biyar da buhun gero biyu a but, ka kunna AC, ka danna ƙafa, iskar 2.4 za ta shiga, man 2.4 zai bi ta. Wani lokaci ma kwamfutar motar kan ƙara fetur fiye da ƙima don ta sanyaya silinda. Ba a cin tuwon babba da cikin yaro a ce an yi tattali.

Sai zafin ƙasarmu. A watan Afrilu Gusau kan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da nauyi: daga digiri 20 zuwa 40 nauyinta na raguwa da kusan kashi 6 cikin 100. Danna iska kuma yana ƙara mata zafi, shi ya sa ake bi da ita ta intakula, wani ƙaramin lagireto a gaban mota, kafin ta shiga inji. In laka da ƙwari suka toshe shi, ko fetur ɗin ba mai kyau ba ne, man kan fashe da kansa ba bisa tsari ba, injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Kwamfuta sai ta rage ƙarfi don ta ceci fistin. Doki 192 na takarda ba lallai ka same shi da tsakar rana a bazara ba. Mai sayen man bumburutu a galan ya yi hattara ninki biyu.

Abin da na gani a gareji

Wata rana aka jawo mana wata ƙaramar mota mai tobo tana zubar da shuɗin hayaƙi. Da maigidana ya kwance, sandar tana lilo a hannu, bututun da ke kai mata baƙin mai ya toshe da dasƙararren datti kamar kwalta. Mai motar ya ce shi dai mai kauri na 20W-50 yake juyewa, kamar yadda ya saba a tsohuwar Golf ɗinsa, kuma sai ya yi baƙi ƙirin yake canzawa. Maigida ya kalle ni ya ce, "Yaro, rubuta wannan a littafinka. Tobo ba ya mutuwa, kashe shi ake yi."

Ga abin da na rubuta. A juye man da kamfani ya ce. Ita waccan Accord ɗin 0W-20 aka rubuta mata. A canza shi da matatarsa a kan lokaci, a ma gaggauta saboda ƙura. A duba matatar iska akai-akai, musamman da hunturu, domin yashi ga fankar da ke wannan gudu kamar tsakuwa ne ga ido. Kar a tayar da mota da safe a fizge ta nan take. Bayan doguwar tafiya da gudu, a bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada man ya soye a cikin tobo mai zafi. Duk wanda ke bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ya san ba wurin da mutum zai so mota ta tsaya masa ba ne, balle da yamma.

Washegari na zayyana wa Kawu duk wannan. Ya yi shiru, ya ce, "Ashe ba ƙarya yay yi ba, rabi ya hwaɗi." Ya lissafa: kullum motarsa cike take, rabin tafiyarsa hanyar gona ce, mai gyaransa kuma bai taɓa kwance tobo ba. Ya fasa, ya ce shanunsa su ci gaba da kiwo. Da a ce ma'aikaci ne a Gusau mai zuwa ofis shi kaɗai, mai iya sayen man da ya dace, da wata shawarar na ba shi.

Ga aikin gida ga 'yan sashenmu: da Nm 260, doki nawa Accord ɗin ke bayarwa a juyi 2,000? Ni na samu kusan 73. Wanda ya samu daban ya same ni a wokshof ranar Litinin mu buga tare.