Darasi: Talla Daban, Sharhi Daban

Mai sayar da waya ba zai gaya maka cewa batirinta ba ya riƙe caji ba. Kamfanin da ya ƙera ta ma ba zai faɗa ba. Abin da suke yi sunansa talla, kuma mai talla alherin hajarsa kaɗai yake ambata.

Amma akwai mutanen da sana'arsu ita ce gwada kayan zamani. Sukan ɗauki sabuwar waya su yi kwanaki suna aiki da ita. Su cika ta da caji su ga awa nawa za ta kai. Su ɗauki hoto da rana, su ɗauka da dare. Sannan su rubuta abin da suka gani, mai daɗi da marar daɗi. Wannan rubutu shi ake kira sharhi. A Amurka akwai kafofin labarai da suka yi suna a wannan aiki, irin su CNET, da The Verge da ta soma a 2011. Da Turanci suke rubutu, amma ko ba ka ji Turanci, in ka iya karanta lamba ka samu abu mai yawa.

Fara da lambar batiri. Za ka ga an rubuta 5000, a gefenta akwai haruffa uku: mAh. Wannan shi ne yawan wutar da batirin yake ɗauka. Mai 5000 ya fi mai 3000 ɗaukar wuta. A garin da ake yini ba a kawo wuta ba, ni a ganina wannan lamba ta fi kyan kyamara muhimmanci nesa ba kusa ba.

Sai wasu lambobi biyu da akan rubuta tare, kamar 4GB da 64GB. Ƙaramar ita ce RAM, wato ƙarfin da waya take gudanar da ayyuka da shi a lokaci guda. In ta yi kaɗan, waya takan riƙa tsayawa, ka taɓa ta ƙi motsi. Babbar kuwa ma'aji ce, inda hotuna da bidiyo da saƙonnin murya suke taruwa.

Sai dai a yi hattara, ba kowane mai sharhi ne mai gaskiya ba. Wani ana biyansa ne ya yaba. Wani yana samun la'ada idan aka sayi kayan ta hannunsa. In ka ga sharhi yabo ne zalla, babu aibi ko ɗaya, to talla ce. Nemi na biyu ka gwama. Ka kuma tuna cewa marubutan Amurka mutanensu suke yi wa rubutu, farashinsu da dala ne. Wayoyin da suka cika kasuwar Farm Centre ta Kano, wato Tecno da Infinix da itel, na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a ƙasar Sin, kuma bayanansu sun fi samuwa a shafin intanet na GSMArena.

Ranar saye, kafin ka miƙa kuɗi, danna *#06# a kan wayar. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, sunanta IMEI. Duba ta da wadda ke jikin kwali. In ba su zo ɗaya ba, kada ka saya.