Darasi: Abin da awo ke nunawa game da yaran Baiga

Baiga wata ƙabila ce da ke zaune a dazuzzukan tsakiyar ƙasar Indiya, musamman a gundumomin Dindori da Mandla na jihar Madhya Pradesh. A da sukan sare daji su ƙone, su shuka a cikin toka, don a al'adarsu ƙasa uwa ce, bai kamata a tsaga ta da garma ba. Dokokin gandun daji sun hana wannan noma, gonakinsu kuma ba su da ƙarfi. Cimarsu ta kullum wani kunu ne mai ruwa-ruwa da suke kira pej, sai ganyaye da saiwoyin daji.

Masu bincike da suka auna yaransu sun tarar cewa da yawa daga cikinsu ba su kai tsawo da nauyin da ya dace da shekarunsu ba. To, me ake aunawa?

Nauyi shi ne mai saurin ba da labari. Mako guda na gudawa ko zazzaɓin cizon sauro, wanda ya yi yawa a yankin Baiga, ya isa sikeli ya nuna. Yaron da nauyinsa ya gaza a kan tsawonsa, ramewa ce ta kwanan nan. Tsawo kuwa labarin shekaru yake bayarwa. Wanda ya tsumbure, ƙarancin abinci da ciwo sun daɗe suna cinsa, sau da yawa tun yana ciki, kuma bayan shekara 2 da wuya ya cike giɓin. Irin wannan yaro yana wasa da gudu kamar kowa, shi ya sa ido kan ruɗi iyaye.

Akwai kuma awon kaurin dantse, ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Ƙasa da santimita 12.5 tamowa ce. Ƙasa da 11.5 ta yi tsanani, sai asibiti.

Wani zai ce, ai gajarta gado ce, haka jininsu yake. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin girman yara bayan ta bi yaran ƙasashe 6: Indiya, Ghana, Brazil, Norway, Oman da Amurka. Duka an shayar da su nono, sun ƙoshi, an kula da lafiyarsu. Har zuwa shekara 5 girmansu ya zo kusan ɗaya. Gado na da nasa rabo, amma idan yaran gari guda suka gajarce tare, tukunya da rijiya za a fara dubawa.

Tun 1975 Indiya ta fara buɗe cibiyoyin ƙauye da ake kira anganwadi, inda ake auna yara ana ba su abinci. Sai dai ga uwar da ke can cikin daji, kai yaro awo na nufin asarar aikin yini guda.

Ku tattauna: idan layin katin awon yaro ya miƙe wata 2 bai hau ba, me za ku fara tambayar uwarsa?